Sharhi kan garin madarar KMR da fidarsa, ga mai riƙon mage mai gudun mutane da jariranta

Magen da aka haifa a waje, ta girma hannun mutum bai taɓa shafa bayanta ba, idan ta haihu a hannunka ka haɗu da aiki biyu a lokaci guda. Ga uwa da ke kallonka a matsayin abokin gaba, tana huci tana kai yakushi, ga kuma jarirai masu nauyin giram ɗari ko kusa da haka, waɗanda yunwar wuni guda ko sanyin dare ɗaya ya isa ya kashe su. A irin wannan hali ne masu riƙon maguna kan nemi KMR, garin madarar jariran kyanwa na kamfanin PetAg da ke jihar Ilinoi a Amurka, tare da ƙaramar fidar da kamfanin ke yi. A kansu wannan sharhi yake.

Garin ya cancanci a ajiye shi tun kafin magen ta haihu. Fidar kuwa sai da gyara, kuma ga jaririn satin farko akwai abin da ya fi ta. Sai dai duk kyawun garin, yawancin jariran da uwarsu ke raye tana shayar da su ba sa buƙatarsa ko kaɗan. Wanda ya ga uwa tana faɗa, ya kwashe 'ya'yan ya ce zai raine su da fida, ya cuce su ne da kyakkyawar niyya. Dakashi, wato nonon farko, shi ke ɗauke da garkuwar jikin da uwa ke ba 'ya'yanta, kuma hanjin jariri yana iya ɗaukar wannan garkuwa ne a cikin kwanan farko kaɗai, daga nan ƙofar ta rufe. Babu gwangwanin da ke ɗauke da dakashi. Ban da haka uwa ce ke ɗumama su, ita ke lasar su su yi fitsari da kashi, dare da rana, ba ta buƙatar agogo ya tashe ta. Aikin KMR a gidan da uwa take shi ne cike giɓi.

Yaushe ake buɗe gwangwanin

Sikeli ne ke ba da amsa, ido ba ya iyawa. Ƙaramin sikelin kicin na lantarki mai auna giram ɗaya-ɗaya ya isa, a ɗora roba a kai da ɗan tsumma a ciki. Jariri mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a kowace rana, kuma nauyinsa kan ninka cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. A kwanan farko yana iya tsayawa ko ya ɗan ragu kaɗan, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Bayan nan, duk wanda ya yi awa 24 bai ƙaru ba a sa masa ido, a fara ba shi ƙari. Wanda ya ragu a fara ba shi nan take, a kuma tuntuɓi likitan dabbobi. Sauran alamun su ne kuka ba ƙaƙƙautawa, kwanciya can gefe shi kaɗai alhali 'yan'uwansa sun cure wuri ɗaya, da jiki mai sanyi idan an taɓa. Jariran da suka ƙoshi barci suke yi, suna ɗan zabura a cikin barcin, cikinsu a cike amma da laushi.

To amma yaya za a auna jariran magen da ba ta yarda a kusance ta ba? A nan ne tsarin wurin ya fi madarar muhimmanci. Ana sa ta a babban keji irin na kare, a ɗaki mai shiru wanda yara da sauran dabbobi ba sa shiga, a rufe kejin da zane a bar gefe ɗaya. A ciki a sa makwanci mai gajeren baki da tsofaffin tawul marasa zare a waje, domin farcen jarirai kan sarƙe a zare. A sa tiren ƙasa na bahaya a gefe, abinci da ruwa kusa da ƙofa, yadda za a canza su ba tare da an zura hannu can ciki ba. Sannan a sa akwatin ɓuya mai ƙofar da za a iya rufewa da sanda daga wajen kejin. Kamfanoni irin su Tomahawk suna yin irin wannan akwati, mai zagayen rami a gefe da murfin da ake zarewa a gaba, amma kwandon ɗaukar mage na roba ma yana yi. Magen da ta tsorata ɓuya take nema. Da ta shige sai a rufe, a yi shara, a auna jarirai, a buɗe mata. Idan ta kwashe 'ya'yan ta shige da su cikin akwatin, wanda hakan na yawan faruwa, sai a jira lokacin da ta fito cin abinci a zura allo ta tsakanin ƙarafan kejin ya raba ta da su na 'yan mintuna.

Awon sau ɗaya ne a rana, a lokaci guda, cikin minti biyar, a inda take ganinsu. Kwana biyun farko in dai ana ganin kowa yana tsotso, gara a bar ta ta huta. Uwar da aka dama ta kan yi ta yawo da 'ya'ya a baki, ko ta ƙi kwanciya su sha, wani lokaci ma ta yi musu lahani. Maganar da ake yi cewa mage na ƙin ɗanta idan ta ji warin hannun mutum a jikinsa an yi mata ƙari. Yawan damuwa da hayaniya ne suka fi sa ta yin haka. Duk da haka ba a rasa komai idan aka goga hannu da tsumman makwancin kafin a ɗauki jariri.

Damawa

Ma'aunin da ke jikin gwangwanin mai sauƙi ne: awo ɗaya na gari, awo biyu na ruwan ɗumi. Da cokali ake awon, a shafe bakinsa, ba a danna garin. Ruwan a tafasa shi a bar shi ya huce zuwa ɗumi. Aibin garin da kowa ya sani shi ne gudaji. Idan aka zuba ruwan gaba ɗaya a kansa sai ya yi ƙananan ƙulle-ƙulle da ido ba ya gani sosai, su je su toshe ramin robar tsotso. Jariri ya yi ta ja ba abin da ke fita, ya gaji ya saki, mai ba shi kuma ya ɗauka ya ƙoshi. Jarirai da yawa da ake cewa «sun ƙi fida» ba ƙi suka yi ba, hanya ce ta toshe.

Maganinsa: a fara zuba ruwa kaɗan a kwaɓa garin ya yi sumul, sannan a ƙara sauran ana juyawa da ƙaramin maburgi ko cokali mai yatsu, daga ƙarshe a tace da ƙaramin mataci. Wanda ya dama tun da wuri ya bar shi a firij na 'yan awanni zai ga ya fi narkewa. Girgizawa da ƙarfi na sa kumfa, kumfa kuma iska ce da za ta shiga cikin jariri, don haka in an girgiza a bari ya kwanta. Ba a sa shi a injin markaɗe.

Abin da aka dama yana kwana ɗaya ne a firij, awa 24, sai a zubar. A kowane shayarwa a ɗebi abin da za a sha kawai, a ɗumama shi ta hanyar tsoma fidar ko sirinjin a kofin ruwan zafi, a ɗiga a cikin wuyan hannu a ji. Ɗumin jiki ake so, kusan digiri 37 zuwa 38. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki tana barin wani wuri da zafi wani da sanyi, kuma bakin jariri ba ya yafe wannan kuskure. Abin da aka riga aka ɗumama ya rage ba ya komawa firij.

Wasu kan ƙara ruwa a shayarwar farko biyu ko uku, awo ɗaya ga uku, don cikin jariri ya saba. Ba laifi, amma kada ya wuce wuni ɗaya, domin madarar da aka tsinka ba ta ƙosarwa, kuma jaririn da ake ba ƙari dama yunwa ce ta kawo shi. Ƙara kauri kuwa da nufin ya yi saurin ƙiba kuskure ne, ko ya ɗaure ciki ko ya kawo gudawa.

Ajiya, inda garin ya fi rauni

KMR na da maiƙo da yawa, kamar yadda ya kamata, domin nonon mage ya fi na saniya maiƙo, furotin ɗinsa ma ya ninka na saniya. Amma maiƙo ba ya son zafi. Gwangwanin da aka buɗe dole ya zauna a firij, kuma wata uku ne iyakarsa a can, ko wata shida a firiza. Mutane da yawa ba sa karanta wannan layi, suna ganin gari ne kamar kowane gari su bar shi a kan kanta. Ko wanda ba a buɗe ba, idan ya daɗe a wuri mai zafi yana iya lalacewa kafin ranar da aka rubuta a gindinsa. Saboda haka a shinshina shi ranar da aka buɗe, da kuma duk lokacin da za a dama. Mai kyau ƙamshin madara yake yi, mara ƙarfi. Idan ya yi warin tsohon mai, ko launinsa ya koma rawaya mai duhu, a zubar, ba a gwada shi a kan jariri. Wanda ba shi da tabbacin sanyin firij gara ya sayi ƙaramin gwangwani mai giram 170 a kan babba, ko da zai sake saye.

Akwai KMR na ruwa, wanda aka riga aka dama. Ba gudaji, ba awo, ya dace da daren farko lokacin da hannu ke rawa. Amma da an buɗe shi awa 72 gare shi a firij. Jariri mai giram 100 ba ya shan mililita 80 a kwana uku, don haka mai ba jariri ɗaya ƙari zai zubar da mafi yawan gwangwanin. Na ruwan ya fi dacewa da wanda ke da marayu huɗu ko biyar.

Nawa ake ba shi

Lissafin kamfanin shi ne mililita 30 na damammiyar madara ga kowane giram 115 na nauyin jariri a rana. Wato mai giram 100 yana buƙatar kusan mililita 26 a awa 24, mai giram 200 kusan 52, mai giram 300 kusan 78. Ɗaya lissafin da ya kamata a haddace shi ne na girman ciki: kusan mililita 4 ga kowane giram 100. Idan aka haɗa biyun sai a ga dalilin da ya sa ake cewa kowace awa biyu zuwa uku a satin farko, har da dare. Mililita 26 ba za ta shiga cikin da ke ɗaukar 4 ba sai an raba ta kashi bakwai ko takwas. Wanda ya ce zai ba shi da yawa da yamma don ya samu barci, gudawa da kumburin ciki zai tarar da safe. A sati na biyu da na uku ana iya kai tazarar awa uku zuwa huɗu, a na huɗu awa huɗu zuwa biyar.

Wannan lissafin na maraya ne. Jaririn da ke tsotson uwarsa ba ya buƙatar duka. Ana farawa da shayarwa biyu zuwa huɗu a rana, a bar shi ya sha iya cikinsa ba tare da an wuce ma'aunin cikin ba, sikeli kuma ya faɗi ko ya isa. Kafin ma a kai ga fida akwai dabarar da sau da yawa ta wadatar: a cire manyan jariran na minti 15 zuwa 20, a ajiye su a wuri mai ɗumi, ƙaramin ya samu nono ba mai ture shi. A mage mai gudun mutane hakan ba kullum yake yiwuwa ba, amma inda ya yiwu ya fi kowane gari.

Fidar

A nan yabonmu ya ragu. Fidar PetAg mai mililita 60 ce, roba mai laushi, tana zuwa da robobin tsotso da ɗan burushin wanki. Ga jariri mai sati uku zuwa sama tana aiki lafiya. Ga mai kwana uku kuwa matsala biyu ce. Ta farko, layukan awon da ke jikinta ba za su nuna maka bambancin mililita 2 da 4 ba, alhali a wannan shekaru bambancin nan shi ne komai. Ta biyu, robobin suna zuwa ba rami, mai saye ne zai huda, kuma a nan ake yawan ɓata lamari.

Idan za a huda, a sa ƙaramin almakashi mai kaifi a yanki ɗan tsinin kan robar a karkace, ko a yi ƙaramar tsaga biyu masu gicciye, ko a soka allura mai zafi a bar ta a ciki har ta huce. Sannan a gwada: a kifa fidar ba tare da an matsa ba. Madarar ta riƙa ɗiga a hankali, ɗigo bayan ɗigo. In ba ta fita sai an matsa, ramin ya yi ƙanƙanta. In tana zuba kamar zare, ya yi girma, wannan robar ta tashi aiki, a ɗauki wata. Shi ya sa ake sayen robobi fiye da buƙata. Wani ƙaramin abu kuma: idan aka ɗaure murfin tamau iska ba ta shiga, robar sai ta lotse a bakin jariri. A ɗan sassauta shi kaɗan, yadda madara ba za ta yoyo ba.

Abin da masu aikin nan suka fi komawa gare shi a sati biyun farko shi ne robar Miracle Nipple, ƙaramar da ake kira Mini, a kan sirinji mai mililita 1 ko 3 wanda ba allura. Tana zuwa da raminta, siririya ce mai tsawo, bakin jariri na kama ta cikin sauƙi, sirinjin kuma yana nuna daidai abin da ya shiga. Hatsarinsa ɗaya ne. Sirinjin asibiti mai baƙar roba a kan sandar turawa, bayan an wanke shi sau da yawa sai ya fara cijewa, ka tura ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya tafi gaba ɗaya, madara ta cika bakin jariri. Da an ji ya fara cijewa a canza shi. Jariri mai ƙarfi ma da kansa yake jan sandar da tsotsonsa, babban yatsa bin ta kawai yake yi.

Yadda ake riƙe shi

A kan cikinsa, kamar yadda yake kwanciya a jikin uwarsa, ƙafafu huɗu a kan tawul, kai a ɗan ɗage, fida a karkace. Ba a kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, kuma ba a matsa fida. Jaririn mage bai iya tari ya mayar da abin da ya bi hanyar iska ba sai ya kai kusan kwana goma, don haka madarar da ta kuskure hanya huhu take tafiya kai tsaye, bayan kwana ɗaya ko biyu ta zama ciwon huhu. Wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe jariran fida, kuma ba laifin garin ba ne. Alamar ya kama da kyau ita ce harshe ya naɗe robar, kunnuwa na motsi tare da kowane haɗiya, ƙafafun gaba na tattaki. Idan madara ta fito ta hanci a dakata, a goge, a duba girman ramin. In daga baya ana jin ƙara-ƙara a numfashinsa ko yana buɗe baki don ya shaƙi iska, aikin likita ne a ranar.

Kafin a sa masa komai a baki a taɓa shi. Jariri mai sanyi ba a shayar da shi, ko da yunwa ce ta bayyana a fili. A satin farko zafin jikinsa tsakanin digiri 35 da 37 yake, ba ya iya ɗumama kansa sai ya kusa wata guda, kuma da ya sauka ƙasa da haka hanjinsa sai ya tsaya, madarar ta zauna a ciki ta lalace ko ta dawo. A taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa. In da sanyi, a ɗumama shi sannu a hankali, kamar awa guda, a jikin mutum ko kusa da abin ɗumi da aka naɗe da tawul, ana juya shi. In ya yi laushi ƙwarai a shafa masa ɗan ruwan sukari ko gulukos a dasashi, ɗigo ɗaya kowane 'yan mintuna, ana shirin tafiya wurin likita. Sai ya yi ɗumi ya fara motsi da neman nono sannan a ba shi madara.

Don ɗumin makwanci, faifan SnuggleSafe, wanda ake ɗumamawa a na'urar ɗumama abinci, ya dace da kejin mage mai faɗa fiye da na lantarki, domin ba shi da waya da za ta tauna, kuma yana riƙe zafi har kusan awa goma, ba sai an yi ta buɗe keji ba. A bi lokacin ɗumamawar da aka rubuta a jikinsa, a sa shi cikin rigarsa, a ƙarƙashin rabin makwancin kawai, yadda wanda zafi ya isa zai ja jiki ya koma ɗaya gefen. Marayun satin farko suna son makwanci mai digiri 29 zuwa 32. Waɗanda uwarsu ke kwana da su ba sa buƙatar haka, ɗaki mai ɗumi ba iska ya ishe su.

Abin da ke fitowa ta baya

Idan uwa na lasar su an huta da wannan. Idan ba ta yi, bayan kowane shayarwa a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa ƙasan wutsiya a hankali har fitsari ya tsaya, haka har sati uku zuwa huɗu. Fitsari kusan kowane lokaci zai fito, kuma ya kamata ya zama fari-fari. Mai duhun rawaya na nuna ƙarancin ruwa, kuma a jarirai wannan ya fi gwajin ɗaga fatar wuya a sake ta nuna gaskiya. Kashin mai shan KMR rawaya ne mai kaurin man goge baki, kamar sau ɗaya a rana. Tsallake kwana ɗaya abu ne da ake gani a farkon canji. In ya kai kwana biyu, ko ciki ya yi tauri, a nemi likita. Kashi mai ruwa ko kore galibi yawan shayarwa ne, a rage adadin a ƙara yawan lokuta. Mai launin toka ko fari mai gudaji na nufin madarar na wucewa ba a narkar da ita ba, kuma gudawa a jiki mai giram 150 ba a jira mata gobe. A goge masa baki da haɓa da ɗanyen tsumma bayan ya sha, domin KMR idan ya bushe a gashi yana ƙanƙamewa ya ci fata.

Wani lokaci an yi komai daidai amma nauyi ya ƙi hawa, sai a ɗora wa garin laifi. A duba ƙuma tukuna. Magen da ta fito daga waje kusan kullum da ƙuma take zuwa, kuma ƙuma na iya shanye jinin jariri har dasashinsa ya yi fari. Ana cire su da mataji mai ƙananan haƙora da hannu, ana canza shimfiɗa kullum. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin guba ne ga mage, babba da ƙarama. Maganin da ya dace da mai shayarwa, da na tsutsar ciki da ake fara ba jarirai tun suna sati biyu, likita ne zai zaɓa bisa nauyi.

Ga uwar kanta

Wani amfanin garin da ba a cika faɗa ba shi ne bai wa uwar. Mai shayarwa na buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci, musamman a sati na uku da na huɗu, kuma magen waje galibi a rame take zuwa. Babban abincinta shi ne abincin 'yan kyanwa na gwangwani da busasshe, kada kwano ya zama wayam, da ruwa mai tsabta. Ɗan KMR a faranti ko a barbaɗa a kan abinci yana taimakawa, kuma wadda tsoro ya hana ta ci a kwanakin farko ta kan lashe shi cikin dare. A ɗauke farantin bayan awa ɗaya ko biyu kafin ya yi tsami. In ta wuce wuni ba ta ci ba, ko ana ganin ruwa mai wari na fita daga bayanta, ko nono ɗaya ya kumbura ya yi ja, ko tana rawar jiki tana tafiya a sandare, sai likita, kuma akwatin ɓuyan nan shi ne abin ɗaukarta. Safar hannu mai kauri na tare yakushi amma haƙorin mage na iya huda ta. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya je asibiti a ranar, saboda cizon mage na saurin ruɓewa, ga kuma batun ciwon haukan kare a dabbar da ba a san tarihin rigakafinta ba.

Akwai wasu garin da ke yin wannan aiki, irin su Babycat Milk na Royal Canin, wanda ke zuwa a ƙananan ledoji tare da fidarsa, da Lactol na 'yan kyanwa na Beaphar. Duk wanda aka samu aka fara da shi a tsaya a kansa, canji kwatsam na ɓata ciki. Abin da ba ya maye gurbinsu shi ne madarar saniya da madarar jariran mutane, sukarin madara ya yi musu yawa, furotin ya yi kaɗan. A kuma duba gwangwanin da kyau wajen saye: kamfanin PetAg na yin Esbilac, na 'yan kwikwiyo ne, kuma mai gaggawa na iya ɗaukar wannan a madadin wancan.

Daga sati huɗu, lokacin da haƙora suka fito jarirai suka fara leƙa kwanon uwa, ana kwaɓa KMR da abincin 'yan kyanwa na gwangwani ya yi ruwa-ruwa a faranti mara zurfi, ana rage madarar kaɗan-kaɗan cikin sati biyu. Ƙasar tirensu kada ta zama irin mai dunƙulewa, domin suna ɗanɗana ta. Tsakanin sati biyu da bakwai ne 'yan kyanwa ke koyon yarda da mutum, kuma suna kwaikwayon uwarsu, in ta yi huci su yi. Saboda haka daga sati biyu a riƙa ɗaukar su kullum na ɗan lokaci, kuma masu riƙo da yawa kan raba su da uwa mai gudun mutane a sati biyar zuwa shida, da zarar suna ci da kansu sosai. Ita kuma a kai ta aikin hana haihuwa bayan nononta ya ƙafe, kamar sati biyu da yaye, a yi mata rigakafi, a yanke ɗan tsinin kunnenta ɗaya don alama, a mayar da ita daidai inda aka kama ta. Kada a sake ta kafin aikin, mage na iya ɗaukar wani cikin tana cikin shayarwa. Garin da ya rage a rufe shi tamau, a rubuta ranar da aka buɗe a kan murfin, a sa a firiza.